Wa Ake Yi Wa Dariya? Tsokaci a kan Zambo cikin Littafin Beauty Queens na Libba Bray

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron makaɗan fada ya san cewa zambo ba ya tafiya haka kawai, yana da ubangida kuma yana da wanda aka nufa. Makaɗi kan ɗauki abokin hamayyar sarkinsa, ya ƙara wa hancinsa tsawo, ya rage wa rawaninsa girma, har jama'a su fashe da dariya, alhali kowa ya san amfanin wa dariyar take yi. Saboda haka tambaya ta farko da ta kamaci manazarci ya yi wa kowane rubutun zambo ita ce: wa ake yi wa dariya, kuma wa ya ci ribarta?

Da wannan tambaya muke so mu auna wani ƙagaggen labari na matasa da aka rubuta da Ingilishi, mai suna Beauty Queens, watau sarauniyoyin kyau, wanda marubuciyar nan ta Amurka Libba Bray ta wallafa a 2011 a kamfanin Scholastic. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙarfin littafin yana cikin yadda ya fara da ba mai karatu damar yi wa 'yammata dariya, sa'an nan a hankali ya karkatar da bulalar zuwa ga masu cin kasuwa da jikinsu, har ta taɓo shi kansa mai karatun. Za mu kuma nuna inda muke ganin hannun marubuciyar ya yi rawa.

2.0 Marubuciyar da Labarinta

An haifi Libba Bray a 1964, ta tashi a jihar Texas, ɗaya daga cikin jihohin da gasar sarauniyar kyau ta yi kaka-gida. Tana da shekara 18 ta yi mummunan haɗarin mota wanda ya raba ta da idonta na hagu, aka shafe shekaru ana yi mata tiyata don a gyara fuskarta. Daga baya ta yi aiki a kamfanin talla kafin ta shahara da rubutu, kuma a 2010 littafinta Going Bovine ya ci lambar Printz, babbar lambar yabo ta adabin matasa a Amurka. Waɗannan abubuwa biyu, watau sanin yadda duniya ke kallon fuskar mace da sanin harshen 'yan talla, su ne jarin da ta shiga wannan littafi da shi.

Labarin a taƙaice shi ne: jirgin sama ya ɗauko 'yammata 50, kowace tana wakiltar jiharta a gasar da ake kira Miss Teen Dream, sai ya faɗi a wani tsibiri. Kaɗan fiye da goma suka tsira, ba babba ko ɗaya tare da su. Taylor, wakiliyar Texas, ta karɓi shugabanci, ta kuma dage a ci gaba da gwajin tafiya da rawa da amsa tambayoyin alƙalai, domin a ganinta masu ceto suna tafe, gasa kuwa ba fashi. Adina, wakiliyar New Hampshire, wadda ta shiga gasar ne da nufin tona mata asiri, ita ce ta tsaya kan a nemi ruwa da abinci da wurin kwana. Abin da ba su sani ba shi ne, tsibirin ba kango ba ne. A cikin wani dutse mai aman wuta akwai ɓoyayyen sansani na kamfanin da ya shirya gasar, wanda marubuciyar ba ta ba shi suna ba sai Kamfani kurum. A nan ake ƙulla cinikin makamai da wani mai mulkin kama-karya, MoMo B. ChaCha, a ƙarƙashin jagorancin Ladybird Hope, tsohuwar sarauniyar kyau mai neman shugabancin ƙasa. Da rayuwar 'yammatan ta zame wa cinikin ƙarfen ƙafa, sai aka shirya a hallaka su a gaban kyamara, a ɗora wa wani laifin.

3.0 Tsibiri a Adabin Turawa

Jefa mutane a tsibiri don a ga ainihin halinsu tsohuwar dabara ce a adabin Ingilishi. Daniel Defoe ya yi ta a Robinson Crusoe a 1719. R. M. Ballantyne ya yi ta a The Coral Island a 1857, inda samari uku 'yan Ingila suka nuna jarunta da tarbiyya. William Golding, wanda malamin makaranta ne kuma ya yi yaƙin duniya na biyu a rundunar ruwa, ya mayar masa da martani a Lord of the Flies a 1954, har ya ari sunayen Ralph da Jack, ya nuna cewa da zarar idon manya ya kau, yara kan koma farautar junansu. A wurin Golding, doka da tarbiyya su ne murfin da ya rufe dabbancin ɗan Adam.

Bray ta shigo wannan muhawara da saninta, domin taurarinta da kansu sun ambaci littafin Golding suna tattauna shi. Hujjarta ita ce, abin da ke danne yaro namiji daban yake da abin da ke danne yarinya. 'Yammatan nan tun suna ƙanana aka koya musu gaba da juna cikin murmushi, domin kambi ɗaya ne, masu nema hamsin. Ke nan gabar tasu daga gida suka zo da ita cikin akwati, tare da jan-baki da gashin kanti. Da idon alƙalai ya kau, abin da ya ɓullo shi ne zumunci. Wani zai ce wannan mafarkin marubuciya ne kawai, amma tarihi bai goyi bayan Golding ɗari bisa ɗari ba: a 1965 wasu 'yan makaranta shida daga ƙasar Tonga sun maƙale a tsibirin Ata har kimanin wata 15, suka raba aiki, suka yi jinyar wanda ya karye a ƙafa, aka kuma same su duka da rai a 1966.

4.0 Muryar Kamfani

Babbar dabarar salo a littafin ita ce wanda aka ba bakin magana. Tun shafin farko Kamfani ne ke yi wa mai karatu maraba, yana kwantar masa da hankali cewa labarin mai daɗi ne, ko da yake da faɗuwar jirgi ya fara. Daga nan sai a riƙa katse labari da talla, kamar yadda ake yi a talabijin. Akwai ƙarin bayani a gindin shafi inda Kamfani ke gabatar da kayansa da shirye-shiryensa, akwai kuma takardun da kowace 'yar takara ta cika game da kanta, waɗanda a wasu wurare Kamfani ke sa baki yana ba da shawarar a sassauta amsar da ta yi kaifi.

Wannan shi ne yabon da cikinsa zambo ne. Marubuciyar ba ta fito ta ce talla ƙarya ce ba, sai ta bar mai tallar ya yi ta zuba har ya tona kansa, kamar maroƙin da ya wuce gona da iri wajen kirari har jama'a suka gane ubangidan nasa ba shi da abin yabo. Jonathan Swift ya bi wannan hanya a 1729, lokacin da ya ari muryar mai lissafin tattalin arziki ya ba da shawarar a sayar da jariran matalautan Ailan a matsayin nama, don ya kunyata masu mulkin da suka jefa su cikin yunwa. Dukkan tallace-tallacen da ke cikin littafin Bray gini ɗaya gare su: a fara gaya wa yarinya cewa wani abu na jikinta abin kunya ne, sa'an nan a sayar mata da maganinsa. Ƙololuwar wannan ita ce man cire gashin fuska mai suna Lady 'Stache Off, wanda aka gano cewa da ɗan canji kaɗan yakan zama nakiya, kuma shi ne makamin da ake shirin sayarwa. Kwalba ɗaya ta haɗa kasuwar kwalliya da kasuwar yaƙi, kuma a ganinmu babu wata siffa a littafin da ta kai wannan nauyi.

Zambon yana da tushe a zahiri. An fara gasar Miss America a 1921 a garin Atlantic City don a tsawaita zaman 'yan yawon shaƙatawa bayan ƙarewar hutun bazara, wadda ta fara ci kuwa, Margaret Gorman, shekararta 16. Watau tun ran gini tun ran zane, kasuwa ce ta haifi gasar. Haka kuma masu karatu da dama sun hango Sarah Palin a jikin Ladybird Hope, domin ita ma ta yi takarar sarauniyar kyau a Alaska a 1984 kafin ta tsaya takarar mataimakiyar shugaban ƙasa a 2008.

5.0 Yadda Bulala ta Juya

A babobin farko, ba a raga wa 'yammatan ba ko kaɗan. Ga gawarwaki a bakin teku, ga wata tana kukan farcenta. Ga wakiliyar New Mexico da farantin cin abincin jirgi kafe a goshinta, abokan takararta na ba ta shawarar ta sauko da gashi ta rufe shi. Wasu ma ba a kiran su da sunansu sai da sunan jiharsu. Mai karatu yana dariya, kuma a wannan mataki yana tare da Adina, wadda ke ganin ta fi sauran hankali.

Sannu a hankali sai ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin wannan dariya. Abubuwan da aka raina su ne suka zama kayan ceto: rigunan gasa da kayan gyaran gashi da na kwalliya suka koma kayan tara ruwa da kamun kifi da kare kai. Juriyar da ake bukata kafin yarinya ta yi shekaru tana horar da jikinta da harshenta don gasa, ita ce juriyar da ta gina bukkoki. Tiara, wakiliyar Mississippi, wadda iyayenta suka jefa ta gasa tun tana jaririya, kowa kuma ya ɗauke ta sakarya, sai ga shi tana da ido da hannu wajen tsara ɗaki, kuma maganganunta na wauta suna ɗauke da baƙin cikin yarinyar da ba a taɓa tambayar ta abin da take so ba. Ita kuwa Adina mai wayo, ita ce ta faɗa tarkon wani saurayi daga cikin 'yan wasan talabijin masu kwaikwayon 'yan fashin teku da igiyar ruwa ta kawo tsibirin, wanda ya ɗauki hotonta a ɓoye don neman suna. Laifi tudu ne. Mai karatun da ya bi Adina wajen raina sauran, a nan zai gane cewa shi ma kujerar alƙalin gasa ya hau, yana ba 'yammata maki bisa ga abin da idonsa ya gani.

Zumuncin da ya fi ƙayatar da mu shi ne na Nicole, baƙar fata daga Colorado mai burin zama likita, da Shanti, 'yar asalin Indiya daga California. Da farko ba sa ga maciji, domin kowace ta san lissafin da ba a faɗa: alƙalai ba za su bar wadda ba farar fata ba fiye da ɗaya ta kai zagayen ƙarshe ba. Uwar Nicole na tura mata man bilicin, abin da ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Shanti kuwa ta ƙaga wa kanta tarihin baƙuwar haure mai riƙo da al'ada, har da karya harshe, don ta san irin labarin da alƙalai ke so su ji, alhali ita 'yar birni ce mai sha'awar haɗa kiɗan zamani. Sai da suka nutse tare cikin taɓo mai haɗiye mutum sa'an nan gaskiya ta fito, abota ta ƙullu. Tarihi ya gaskata wannan lissafi: sai a 1983 baƙar fata ta fara cin Miss America, watau Vanessa Williams, kuma a 2013, shekara biyu bayan fitowar littafin, da Nina Davuluri 'yar asalin Indiya ta ci, an yi mata ruwan zagi na wariyar launi a intanet.

Akwai kuma wurin da 'yammatan suka lura cewa kusan kowace magana tasu da ban haƙuri take farawa, ko da ba su yi laifin komai ba, suka yi shawarar su daina. Ƙaramin abu ne, amma ya nuna kunnen marubuciyar ya kai ga inda tarbiyyar gasa ta ɓuya, watau cikin harshe.

6.0 Taylor

Tauraruwar da ta fi kowa nauyi ita ce wadda aka fi yi wa ba'a da farko. Taylor ta ba da gaskiya ga gasa kamar yadda soja ke ba da gaskiya ga tuta. Uwarta ta tafi ta bar ta tun tana ƙarama, ta tashi a hannun uba soja, ta kuma ɗauka cewa idan ta zama cikakkiya ba aibi, ba wanda zai sake tafiya ya bar ta. Da ta gano cewa Kamfanin da ta bauta wa ya san suna raye kuma ya gwammace su mutu, ga kuma dafin kiban da masu gadi suka harbe ta da su, sai hankalinta ya gushe. Ta shiga daji ta zama dodon masu gadin, tana kashe su ɗaya bayan ɗaya da dabarun da ta koya don gasa, tana kuma magana da harshen gasar har lokacin. A ƙarshe sauran suka koma gida, ita ta zauna a tsibirin.

A nan dariya takan tsaya a maƙogwaro. Sauran 'yammatan suna da wani abu a ɓoye wanda suka koma gare shi da gasa ta rushe: wannan likitanci, waccan kiɗa, waccan zane. Taylor ba ta da kowa a bayan fuskar gasa, saboda haka da fuskar ta fashe ba abin da ya rage. Littafin da ya yi alkawarin cewa kowace yarinya za ta sami kanta a tsibiri, ya kasa dawo da wadda ta fi kowa biyayya. Muna ganin wannan ita ce gaskiya mafi ɗaci da ke cikinsa, kuma abin yabo ne da marubuciyar ba ta shafe ta da zuma ba.

7.0 Inda Hannu ya Yi Rawa

Duk da haka, littafin bai kuɓuta daga aibi ba. Na farko, yawan taurari ya sa wasunsu sun zama kamar wakilan rukuni. Ga Sosie mai matsalar ji, ga Jennifer mai sha'awar mata 'yan'uwanta, ga Petra wadda aka haifa da jikin namiji take rayuwa a matsayin mace, ga Mary Lou mai fama da abin da aka koya mata game da sha'awa. Marubuciyar ta zana su da tausayi, kuma mun san da yawa daga masu karatunmu za su saɓa mata a kan wasu daga cikin waɗannan al'amura, domin ma'aunin tarbiyyarta na al'ummarta ne. Amma ko a ma'aunin fasaha kaɗai, akwai matsala: sau da yawa kowace takan sami babinta, ta faɗi darasinta, ta koma layi, kamar dai yadda 'yan takara ke fitowa ɗaya bayan ɗaya gaban alƙalai. Littafin ya ari zubin abin da yake zamba.

Na biyu, zambo yakan mutu da zarar ya koma wa'azi. A wurare da dama 'yammatan kan zauna gefen wuta su yi ta bayyana manufar littafin da bakinsu, da kalmomin da suka fi kama da na ɗakin lacca. Abin da kwalbar nakiya ta riga ta faɗa cikin hikima, ba ya bukatar a sake fassara shi.

Na uku, miyagun sun yi arha. MoMo B. ChaCha, mai son kwaikwayon mawaƙi Elvis Presley, wanda ke shawara da gawar wata dabba da aka cusa wa tsumma ya kuma ba ta muƙamin janar, abin dariya ne ƙwarai, sai dai zanensa ya jingina ga tsohon hoton da Turawa ke yi wa shugabannin ƙananan ƙasashe. Littafin da ya tsaya tsayin daka wajen kare Nicole da Shanti daga irin wannan kallo, bai kamata ya yi wa baƙon ƙasa shi ba. Bugu da ƙari, idan mugu ya zama dodon tatsuniya mai sansani cikin dutse, to, an sauƙaƙa wa mai karatu, domin zai ce mugunta tana can nesa. Uwar da ke miƙa wa 'yarta man bilicin cikin ƙauna ta fi Ladybird Hope ban tsoro, don kuwa ita a cikin gida take.

8.0 Kammalawa

Gasar sarauniyar kyau ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Jaridar Daily Times ta fara Miss Nigeria a 1957, wadda ta fara ci kuwa, Grace Oyelude, haifaffiyar Kano ce. Agbani Darego ta ci Miss World a 2001, a 2002 kuma rikicin da ya biyo bayan shirin yin gasar a Abuja ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna, har aka mayar da ita Landan. A 2021 Shatu Garko daga Kano ta ci Miss Nigeria da lulluɓinta, aka yi ta ka-ce-na-ce. A duk waɗannan lokuta an yi magana mai yawa a kan 'yammatan, masu yabo da masu suka, amma ba kasafai aka tambayi wanda ya kafa rumfar da abin da ya samu ba. A can Amurka ma, ko da yake Miss Teen USA ta soke fitowa da kayan wanka a 2016, Miss America ta bi sahu a 2018, a watan Mayu na 2024 sarauniyar Miss USA da ta Miss Teen USA duka sun ajiye kambinsu cikin 'yan kwanaki, abin da ya nuna cewa canza tufafi bai warkar da ciwon ba.

Wannan ce ta sa muke ganin Beauty Queens ya cancanci ɗalibin adabi ya karanta shi da idon basira, ya ɗauki abin ɗauka ya bar na bari. Ga masu gwada alƙalaminsu a wannan mujalla, darasin a fili yake. Yi wa yarinya mai kwalliya ba'a abu ne mai sauƙi, kowane ɗan zaure ya iya. Aikin marubuci shi ne ya bi sawun dariyar har ya kai ga wanda ke karɓar kuɗin ƙofa, kuma idan ya iske kansa cikin 'yan kallo, kada ya tsallake kansa. Bray ta yi wannan a mafi yawan littafinta, ta kuma bar mana Taylor a tsibiri don kada mu rufe littafin muna zaton an biya kowa haƙƙinsa.